Bargon Habu da Yatsuna Biyu

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da sunan Allah Mai jinƙai, dattawa da samarin da ke wannan zama. Alhaji mai gida ya ce tunda an ci an sha, kowa ya faɗi abin da Allah ya yi masa. Ni ba gwanin magana ba ne, kuma daga wurin shugul nake, wato aiki, kun ga idona. Amma yaran unguwar Mansur sun sa mini suna Abu Shurrab, wato mai safa, don ina sa safa a zafin Makka. Yau zan gaya muku abin da ke cikin safar.

Ni mutumin Damagaram ne. Na je Libiya aikin gini, yaƙin basasarsu ya rutsa da ni, aiki ya tsaya. Wasu masu bindiga suka ce ga abinci, gadi kawai za mu yi. Yunwa ta sa na karɓi bindiga. Ban san a kan me ake faɗan ba, har yau ban sani ba.

Suka kai mu sansani a kan duwatsu, can lokacin sanyi ya same mu. 'Yan'uwa, abin da muke kira sanyi a gida wasa ne. Ruwan jarka daskarewa yake yi, sallah sai da taimama. Kullum makaroni da burodi mai taurin tsiya. Ka goge bindiga, ka kashe kwarkwata, ka tsaya gadi, ka dawo ka sake goge bindigar da ba ta yi komai ba. Ba harbi ne ya cinye mu ba, jira ne. Na gaji har na daina tuna fuskar 'yata.

Ba a yarda mu cire takalmi ba, wai ko za a kawo hari. 'Yan ƙasar, in ƙafar ɗayansu ta sandare, sai ya cire takalmin a ɓoye ya cusa ta a hammatar abokinsa. Ni da abokin tantina, Habu, mutumin Tawa, muka yi ta yi musu dariya. Ƙato da gemu, ƙafa a hammata! Mu abin da muka sani a gida shi ne in sanyi ya kama ka, ka matsa bakin wuta.

Wata safiya na sauko daga gadi ban jin ƙafata ta hagu. Na saci jiki na cire takalmi, na jingina ta da rabin gangar da muke hura wuta a ciki. Ban ji zafi ba ko kaɗan, har na fara gyangyaɗi. Sai Habu ya ɗaga hanci ya ce, "Kai, wa ya samu nama bai kira mu ba?"

Ƙafata ce.

Ciwon ya ruɓe, yatsu suka yi baƙi, wari ya sa mutane suka daina zama kusa da ni. Mai ba mu magani, wanda a da kantin magani gare shi, ya duba ya ce, "Halas, magana ta ƙare, gobe a yanke daga idon sawu." Na san abin da hakan ke nufi. Wani ɗan Cadi da ya yanke wa hannu a tantin nan, mu muka haƙa masa kabari.

Na zauna na yi sallar la'asar a zaune. Addu'o'in da na haddace duk suka gudu. Na ce, "Ya Allah, na gaji. Ba ni da kowa a nan sai Kai. Kada Ka bari a binne ni a kan dutsen nan." Na yi kuka kamar yaro, ban ji kunya ba.

Washegari motar da ke kawo burodi ta zo. Direban ba ya ɗaukar kowa, don in an kama shi ransa ne. Na ga Habu ya ja shi gefe suna ta magana, direba na girgiza kai. Sai Habu ya shiga tanti ya fito da bargonsa mai kauri ya miƙa masa. A sansanin nan kowa bargo ɗaya gare shi, kuma ba a ba da wani.

Na ce, "Habu, da me za ka rufa?"

Ya ce, "In dai zan huta da warin ƙafarka, ya ishe ni. Hau, malam."

Ya goya ni ya kwantar da ni a bayan motar, ƙarƙashin buhunan da babu komai a ciki. A asibitin gari yatsu biyu kawai aka cire, ƙafar ta tsira. Allahu Akbar! Na koma gida, daga baya mijin yayata ya samo mini aikin nan na gidan abinci a nan Makka. Da ƙafar nan na yi ɗawafi, ina ɗingishi ina godiya.

Alhamdu lillahi. Wanda ya gaji a cikinku, da neman iƙama ne, wato takardar zama, ko da ciwo, kada ya yanke ƙauna. Ka gaya wa Allah da harshen da kake da shi, Yana ji.

Abu ɗaya nake roƙonku. Na tambayi duk mutumin Tawa da na gamu da shi a garin nan, babu wanda ya ji labarin Habu. Ranar da motar ta tashi, lokacin sanyin bai ko yi rabi ba, na leƙo ta tsakanin buhuna na hango shi tsaye da riga ɗaya yana hura hannuwansa. In kun shiga Harami, ku ambaci sunansa.