Abincin da Na Ɓare

A tashar bas ta unguwar Chow Kit wata mata ta kasa zama, sai tsaki take.

"Lafiya, 'yata?" in ji wani dattijo.

"Baba, a jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa nake aiki. Akwai wani Bayahude, abincin addininsu a liƙe yake zuwa. Jiya na ɓare, na juye masa a farantinmu, wai karramawa. Ya ƙi ci, da ayaba ya wuni. Da wane ido zan kalle shi yau?"

"Tsirfa ce! Abinci ai abinci ne."

"To bismilla, ga shinkafa. Wajen 'yan Sin masu dafa alade na yi tapau, wato na sayo a ƙunshe."

Dattijon ya janye hannun da ya miƙa.

"Haka shi ma ya yi, Baba. Amma shi har godiya ya yi min."