Tagar da Na-Yamma Yake Bari da Faɗi

Da sunan Allah, wanda rai da mutuwa ke hannunsa. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Darakta, da mataimakanka, da shugaban sashen na'urori. Malamanmu da suka buɗe mana taro da addu'a. Inna, mahaifiyar marigayi. Maiɗakinsa da 'ya'yansa. Abokan aiki na safe da na yamma: sannunmu da wannan rashi.

Ni aka zaɓa in yi magana a madadin ɗakin shigar da lissafin mitar ruwa. An ce in taƙaita, an kuma ce in sa wa maganata zuma. Zan taƙaita.

Inna, ke kin san sunan da aka raɗa masa. Mu Na-Yamma muke ce masa, domin a ɗakinmu mutum biyu ne kan kwamfuta ɗaya: na safe ya tashi, na yamma ya zauna. Ya kasance mai tsokana, zai sha shayi da kofinka, ya rantse kofin ne ya biyo shi. Ya kasance mai gardama kuma, ba zan yi masa ƙarya yana kwance ba. In ya kafe kan magana, gara ka je ka tura bango.

Abokiyar teburinsa ita ce Yaya Babba, wadda ta girme mu duka. Ga ta can zaune, da izininta nake faɗin wannan. Idonta ya yi rauni, hannunta na dama yana rawa. Jadawalin da muke zuba lambobi a ciki kuwa, in aka buɗe shi, a wata 'yar taga yake fitowa a tsakiyar allon kwamfuta, ba ta fi tafin hannu ba. Sai ka kama kusurwarta da maus ka ja, sannan ka ƙara girman lambobin. Mu kafin ƙiftawar ido mun gama. Ita kuwa ta kama ta suɓuce, ta sake kamawa ta suɓuce, har gumi ya keto mata.

Na-Yamma ya lura cewa yadda ka rufe tagar, haka za ta buɗe wa na bayanka. Daga ranar bai ƙara tashi ba sai ya ja ta ta cika allo, ya ƙara wa lambobin girma, sannan ya rufe. Yaya Babba ta daɗe ba ta sani ba. Wata rana wajen canjin aiki ta ce masa, "Kai ƙanena, wannan na'ura akwai ladabi." Ya ce, "Ai tarbiyyata ce, Yaya."

Sai aka kawo mana sabon tsari: duk kwamfutar da aka kashe, ta koma yadda aka kawo ta daga kanti. Abin da ya gyara da yamma, kafin safiya ya goge. Ya hau sama wajen shugaban sashen na'urori, ina tare da shi. Ya ce, "Yallaɓai, tebur ɗaya ne. A saita tagar Yaya Babba ta riƙa buɗewa da faɗi." Aka ce, "In muka yi wa ɗaya, kowa zai zo." Ya ce, "To kowa ya zo mana. Faɗin allo ƙarewa yake yi?" Wannan tambayar aka rubuta masa a fayil da sunan rashin ladabi.

Ke maiɗakinsa, ranar gaisuwa kin tambaye ni abin da ke kai mijinki ofis sau biyu a rana. Na ce ki bari sai wani lokaci, saboda mutane. Ga amsarki yau. Da safe yakan zo ya buɗe wa Yaya Babba taga, ya koma gida, ya dawo da yamma ya kama nasa aikin. Ku kuma yara, ku riƙe wannan, iyakar laifin babanku ke nan. Aka ce ya taɓa na'ura ba a lokacin aikinsa ba, aka ba shi gargaɗi. Bai daina ba. Aka ɗauke shi aka jefa ɗakin tsofaffin fayil a ƙasan bene, aka hana shi taka ɗakinmu. A can ciwo ya same shi.

Ban ce wani ya kashe shi ba. Ajali ne, kuma mun karɓa. Amma raina a ɓace yake, domin na ga hotonsa da aka kawo cikin gilashi, an rubuta "Ma'aikaci abin koyi" a ƙasa. Na duba sa hannun da ke jiki, na gane shi. Shi ne a takardar gargaɗin. Ya kasance abin koyi tun yana numfashi, jama'a, lokacin ne kuka ce fitina ce.

Ga inda muke yau. Tun da aka raba shi da teburin, aikin Yaya Babba ya yi nawa. Mako mai zuwa an kira ta gaban kwamiti a duba ko har yanzu tana da amfani, matar da saura ƙiris ta yi ritaya da mutuncinta. Ranka ya daɗe Darakta, hoton nan a ba Inna ta rataye a ɗakinta. Mu abu ɗaya muke roƙo. Shugaban sashen na'urori yana zaune dama da kai. Ka juya ka ce masa ya saita tagar. Zan dakata.

Na ga ana duba agogo. To, shi ke nan, mun ji amsa.

Sai ku ji tamu. Mu na yamma mun yi shawara. Daga gobe, kullum da safe ɗayanmu zai zo ya buɗe wa Yaya Babba tagarta, bi da bi. A tanadi takardun gargaɗi da yawa, kuma ɗakin fayil ba zai ɗauke mu duka ba.

Mun gode wa malamai, mun gode wa duk wanda ya tako. Inna, Allah ya ba ki haƙuri, kin haifi ɗa. Allah ya raya abin da ya bari, ya yi musu albarka. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa gardamarsa, ya haskaka makwancinsa. Ya Ubangiji, bawan nan naka ya roƙar wa wata ɗan faɗi a wajen mutane, suka hana. Kai ba ka rowa. Ka yalwata masa kabarinsa.

Amin.