Ranar da Aka Ce In Wanke Gawar Markus

Jama'ar Ubangiji, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Yohanna, amma a kamfanin fata da na yi aiki a Challawa, Yahaya aka san ni. Tare da Markus, ɗan ƙauyenmu daga wajen Zonkwa, muka zo Kano neman abinci. Heluman wurin kuwa, wato shugaban ma'aikata, ya sha faɗa a gaban kowa cewa ba ya ɗaukar arne. Sai muka sayi hula, Markus ya koma Mamman. Ran Juma'a mu bi ayarin masallaci, mu sulale a hanya. Ran Lahadi mu hau keke zuwa coci a Sabon Gari, mu fi kowa ɗaga murya a waƙa. Kai, munafunci dodo ne, mai shi yake ci!

Wata rana da hantsi wutar lantarki ta ja Markus a bakin injin wanke fata. Kafin a kashe wutar, rai ya yi halinsa.

Abokan aikinmu ba su yi wasa ba, Allah ya saka musu. Wannan ya ruga sayo likkafani, wancan ya tafi aro makara, ana cewa da an yi azahar za a kai shi. Sun ɗauka baƙo ne gwauro. Ni kaɗai na san ya bar mata, Saratu, da tsohon ciki a ɗakin haya.

Heluma ya miƙo mini buta. "Yahaya, kai ne ɗan'uwansa. Zo ka yi masa wanka."

Wayyo! In na yi shiru, za a rufe shi Saratu ba ta ga fuskarsa ba. In na buɗe baki, ga maza tsaye, wasu da wuƙar kankare fata a hannu. Tsoro na ji, 'yan'uwa, tsoro na gaske.

Cikin zuciya na ce, "Yesu, na daɗe ina jin kunyarka. Kada ka bar ni yau. Buɗe mini baki."

Na ajiye butar a ƙasa. "Ba Mamman ba ne," na ce. "Markus ne, Kirista ne. Ni ma haka."

Ban ankara ba sai na ji mari, har wuta na gani. Heluma ya ci kwalar rigata yana ihu, "Maci amana! Da mu za ka yi wasa?" Mutane suka matso.

Sai Malam Sule, dattijon da ke gadin ƙofa, ya ratso tsakani. "Ku sake shi! Gawa ta masu ita ce." Ya juyo gare ni. "Yaro, kun cuce mu, kun cuci kanku. Ɗauki ɗan'uwanka ka kai wa iyalinsa."

Nan take aka kore ni. A cikin likkafanin da suka saya na naɗe Markus, na sa shi bayan a-kori-kura. Saratu ta buɗe fuskarsa da hannunta, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da ta ɗago ta ce, "Yohanna, da ba ka kawo shi ba, da har in mutu ina jiransa a bakin ƙofa."

Daga Sharada har Bompai labari ya riga ni, ba kamfanin da ya sake ɗaukata. Dako nake yi a kasuwa yanzu, ban kuma taɓa kwana da yunwa ba. Na gode wa Allah! Duk mai fuska biyu a cikinmu, kada ya jira sai an shimfiɗa gawa a gabansa. Ku dogara ga Yesu, ba zai yashe ku ba. Amin.