Dariyar da Nake Ji da Tafin Hannu

Shugaban wannan taro, Allah ya ƙara girma. Dattawan unguwa, abokan tsufana. Malaman makaranta maza da mata. Iyayenmu mata da ke can baya. Samari da 'yan matan da suka buɗe mana wannan ɗakin zanen katun. Da ku yaran da kuka cika gaba kuna ta shure-shure: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙo mini abin magana, ko da yake an raɗa mini cewa in taƙaita. Wanda ya ce in taƙaita, da alama bai taɓa zama a kujerar askina ba. Ni ban yi boko ba, ban riƙo takarda ba, abin da ke cikin kaina shi zan zazzage muku.

Shekarar da rana ta yi husufi, har kaji suka koma akurki da hantsi, a shekarar na sayi talabijin na ɗora a kan kanta a shagona. Ba don labarai na saya ba, don kawunan yara na saya. Duk mai aski ya san kan yaro ba ya tsayuwa, amma da an sa katun sai ka ga wuya ya miƙe. Ni kuwa ta madubi nake kallo, hannun hagu a kan yaro, aska a dama. Tun daga ranar nake jin dariyar yara a tafin hannuna kafin ta fito bakinsu.

Magana ta farko, katun ɗin zamanin da. Akwai wani jaki mai hula da kullum yake son satar kabejin mai lambu. Ba ya magana, mai lambun ma ba ya magana. Amma in jakin nan zai faɗa rijiya, sai ya tsaya, ya waiwayo ya dube ka, kunnuwansa su kwanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rufta. Da na ga kunnen farko ya kwanta nake ɗaga aska, don na san kan da ke hannuna zai girgiza. Akwai daminar da muryar akwatin ta mutu ɗungurungum, ban kai gyara ba sai da kaka ta yi, kuma babu yaron da ya yi ƙorafi. Gani ya kori ji.

Magana ta biyu, kada a ce tsoho ya zo kushe. Yabon gwani ya zama dole. Jakin nan shekara da shekaru yana faɗawa rijiya, bai taɓa yin hankali ba, ba shi da uwa, ba shi da aboki, gobe a sake daga farko. Katun na yanzu kuwa suna da gida, suna da dangi. Suna yin laifi su ba da haƙuri, suna rashi su yi kuka, labarin yau ya ɗora a kan na jiya. Na ga yaro ya share hawaye da ƙyallen askina saboda kakar wani zane ta rasu. Jakina bai taɓa sa kowa hawaye ba. Ga shi kuma yau, a wannan allon, na ga katun yana magana da harshenmu, da hancinmu, da irin tafiyarmu. Shugaban masu zanen nan, wanda nake kira Mutsu-mutsu tun yana ƙarami saboda kansa ya fi na kowa rawa, ka yi abin da ban zaci zan gani da raina ba. Allah ya yi maka albarka.

Sai dai na yanzu sun cika sauri, sun cika surutu. Hoto bai gama zama a ido ba an cire shi an kawo wani. Dariyar da a da take cikin kunne da wutsiya da ƙafa, yanzu ta koma cikin baki. Maƙwabcina tela ya ce mini, “Kai dai ba ka da godiya, tsoho. Yanzu yaro na zama kamar dutse, ka yi askinka lafiya, me kuma kake so?” Na ce, “Tela, da dutse nake son aske wa, ai da na koma bakin kogi.”

Magana ta uku ita ce ta hana ni zama a gida yau. Ga jikata nan a gefena, wadda nake tsokana da Uwargida. Kun san ta, kun san kuma Allah bai ba ta ji ba. Tun tana rarrafe a shagona take wuni. In an dace wata tasha ta sako tsofaffin katun ɗin nan, takan yi dariya har ta faɗo daga benci. In na yanzu ne, sai ta ja rigata, ta nuna allon, ta buɗe tafin hannu, wato, “Kaka, me ya ce?” Kafin in haɗa mata bayani da yatsu, an wuce wurin.

Ku masu zane, ɗazu da kuka haska aikinku, hannuna na kan kafaɗarta. Sau ɗaya na ji kafaɗar nan ta girgiza da gaske: inda akuya ta cinye igiyar shanya, ta tsaya tana tauna, tana kallon wandon da ke saukowa a kanta. Sauran wuraren, ba allon take kallo ba, fuskokin 'yan'uwanta take kallo. In sun yi dariya, sai ta yi tata a makare, don kada a bar ta a baya. Ku kun ji dariyarta, ni hannuna bai ji komai ba.

Na faɗa wa Mutsu-mutsu, ya ce, “Baba, kada ka damu, za mu sa rubutu a ƙasa.” Na ce, “Ɗana, ita ba ta kai karatu ba, ni na wuce shi. Mu biyu za ka bari muna kallon tururuwa a gindin allo?”

Ban ce ku koma zamanin jaki ba, zamani riga ne. Ku bar wa katun na yanzu iyayensu, ku bar musu kukansu, ku bar musu harshenmu. Roƙona ɗaya ne: kafin ku saki kowane aiki, ku kashe muryar ku kalla. In labarin ya tsaya da ƙafarsa, ku sake shi. In ya faɗi, ku koma ku ba akuyar nan lokaci ta gama tauna.

Allah ya sa albarka a wannan ɗaki, ya ƙarfafi idanunku da yatsunku. Allah ya raya mana yaranmu, masu ji da marasa ji. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Gobe da safe ba zan buɗe shago ba, mai son aski ya yi haƙuri da gashinsa. Zan ɗauko bencina, in riƙo hannun Uwargida, mu zauna a bakin ƙofar nan har mai makulli ya iso. Ku kashe murya ku haska mana, ni kuma in ɗora hannu a kafaɗarta in faɗa muku gaskiya.

Na gode.