Ɗan Takarar da Ba Za a Ƙara Gani Ba

Ina tashar Kankia ina jiran motar Kusada ta cika, sai wani matashi mai fosta ya durƙusa gaban wani dattijo. Na ture kallabi daga kunne.

"Baba, an ce kai daliget ne. Sunana Zahradeen, kansila nake nema. Gobe a fidda gwani ka taimake ni."

"Madalla. Ina atamfar iyali?"

"Ba na rabo, Baba. Aƙidata kowa ya ci guminsa, gwamnati ta tsame hannunta."

"To mi ya kawo ka babbar jam'iyya?"

"Ƙananan ko benci ba su da shi."

"Rijiya fa? Taki fa?"

"Rijiya ku haɗu ku haƙa, taki ga shi a kasuwa. Alkawarina ɗaya ne: in na hau, ba za ku ƙara ganina ba."

"Yo ɗana, ai kansilanmu na yanzu tunda ya hau ba mu ƙara ganinshi ba. Rijiyar ma mu muka haƙa. Ashe aƙidarku ɗaya!"

"A'a Baba! Shi lalaci ne, ni kuwa karanta abin na yi."

"To shi zan maimaita. Ya riga ka ƙwarewa, kuma shi ya ba da atamfa."