Akwatin Malam Jumare Kafinta

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya gafarta Malam Liman, shugabannin 'yan kasuwar Ogbete, maƙwabtanmu na Obiagu, da Yaya Haulatu matar marigayi da ke jin mu daga cikin gida tana takaba, ina gaishe ku. Ni ne Falalu, magatakardan kwamitin masallaci. An ce in yi magana a kan Malam Jumare a ranar arba'in ɗinsa. Da an san abin da zan faɗa, ƙila da wani aka zaɓa.

Ya kasance kafinta tun kafin yaƙin basasa. Da muka gudu Arewa a sittin da shida, bai iya ɗaukar akwatin kayan aikinsa ba, sai ya bar wa maƙwabcinsa Mazi Udeze, ga shi can zaune. Mazi ya shafe su da manja, ya naɗe a buhu, ya binne a bayan ɗaki. Bayan shekara biyar Malam ya dawo, aka tono. Ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba.

Ya kasance wanda ya tayar mana da rumfuna lokacin da muka dawo ba mu da komai sai tabarma. Kuma ba ya yi maka aiki ya tafi, sai ya koya maka. "Falalu, saki hannunka, zarto ba a danna shi, ja shi kawai zai ci." Magagari, in ji shi, a turawa yake ci, ba a dawowa ba. Ƙusa ta lanƙwashe? Awartaki ne nata, ka sa ɗan katako a ƙarƙashi kada ka ɓata allon. Wata rana ya same ni ina buɗe gwangwanin fenti da kurfinsa, wanda yake fafe gurbin makulli da shi. Kwana biyu bai amsa mini barkwanci ba.

Ya kasance mai aiki a rumfar langalanga jikin masallaci. Sai kuɗin mai ya zo, kowa ya zama Alhaji. Kwamiti ya ce a rushe rumfar a gina shagunan bulo shida. Muka yi masa alkawari a gaban Liman cewa shagon farko nasa ne. Shi ya yi ƙofofin shidan da hannunsa. Da aka gama, muka ba mai sayar da rediyo, domin kafinta yana tara datti kuma gudumarsa na damun masu sayayya. Ba mu ma faɗa masa ba. Ya je Onicha sayen katako, leburori suka fitar da akwatin da ya ajiye a shagon waje, ruwan Yuli ya yi kwana biyu a kansa.

Da ya dawo ya buɗe, ya ɗaga zarton duk tsatsa. Mazi ya ce, "Na your own people do you this? Mutanenka?" Malam ya karɓi takardar da kwamiti ya rubuta ta hana shi shagon, ya duba ƙasanta, ya dube ni.

"Falalu, wannan sa hannunka ne?"

Na ce, "Malam, shawarar jama'a ce."

Ya ce, "To."

Jama'a, wannan "to" ɗin ta fi shekara bakwai tana bina.

Ya koma gindin mangwaro a unguwar Ogui, rana da ruwa a kansa, har ƙirjinsa ya kama. Bai kai ƙararmu ko'ina ba. Bai fasa sallah a bayanmu ba. Amma bai sake zama hira da ɗayanmu ba, kuma wanda ya ce bai lura ba, ƙarya yake.

Makon jiya muka kai wa Yaya Haulatu makullin shago. Ta bayan labule ta ce, "Ku kai masa maƙabarta, yanzu ba ya damun kowa."

Yaya, mun ji. Zuwaira 'yar Malam, mahaifinki bai yi mana komai ba sai alheri, mu muka ci amanarsa. Ba na roƙon ku yafe yau. Ina so dai ku ji mun faɗa da bakinmu, a gaban mutane, da rana tsaka.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah ya jiƙan Malam Jumare, ya yalwata makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma, ranar da za mu tsaya gabansa, Allah ya sa ya yarda ya dube mu. Amin.