Talabijin ɗin da Na Kawo daga Jidda

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Ladidi daga Tsanyawa. Shekara shida ina aikatau a Jidda, na dawo da talabijin don Innarmu ta riƙa kallon Ka'aba. Kan wayarta bai shiga soket ɗinmu ba. Na ce a jira mai gyara, amma Yaya Sale ya datse kan, ya haɗa da janareta. Nan take ta yi hayaƙi. Ya tuntsire da dariya gaban maƙwabta, ya ce, "Ke da kayanki duk a ƙone kuka dawo." Yanzu da ita yake tare ƙofar akurkin kajinsa. Inna ta ce in haƙura, shi ne babba. Jama'a, in ci gaba da gaishe shi?